Littafin Awon Jinin Inna

Asabar, 1 ga Nuwamba, 2025

Jiya da yamma Baban yara ya ɗauko Inna daga Daura. Ranar Laraba jiri ya kwashe ta a bakin murhu, Allah ya sa ƙanwar maigidan tana kusa ta tare ta. Da aka auna jininta a can sai aka samu 184/106. An rubuta mata magani, an ce a samu mai sa mata ido. Gidan Daura kuwa da rana ba kowa, shi ya sa aka tsayar da shawara ta zauna wurinmu a Ƙofar Ƙaura har jinin ya sauka.

Na ɗauko littafin rubutu irin na 'yan ajina na ja layi huɗu: rana, awon safe, awon dare, abin da aka ci. Nan kuma zan riƙa rubuta abin da layukan ba za su ɗauka ba.

Abin da ya hana ni barci daren jiya ba maganin ba ne. Inna uwar mijina ce. Shekara 14 ina gidan nan ban taɓa ɗaga ido na ce mata ta bar wani abu ba. Shi kuma ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta kamawa, "wancan" take ce masa, in ya yi mata magana sai ta kau da kai ta amsa wa bango. To a cikinmu wa zai hana ta gishiri?

Man mota zuwa Daura da dawowa: ₦15,000.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Mun fita asibiti ƙarfe bakwai, mun ga likita wajen sha ɗaya. Awo 172/100. Ya bar ta a kan abin da aka ba ta a Daura, amlodipine mai lamba 10, ƙwaya ɗaya kullum da safe, ya rubuta gwajin ƙoda da na suga da na fitsari.

Ya yi mini bayani a natse. Lambar sama ƙarfin jini ce lokacin da zuciya ta buga, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Daga 140/90 zuwa sama ake kiransa hawan jini. Mutum yana iya yin shekaru da shi ba ciwon kai ba jiri, alhali yana cin zuciya da ƙoda da ido. Don haka jin sauƙi ba dalilin ajiye magani ba ne. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato kamar cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule da burodi da ƙuli-ƙuli.

Malamar asibiti ta koya mini awo a kan na'urar da muka saya. A zauna minti biyar tukuna, a jingina baya, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a ɗora daidai ƙirji. Ba goro ba shayi rabin awa kafin nan. A auna sau biyu, tsakani minti ɗaya. Kuma ba magana. Inna ta ce duk za ta iya ban da na ƙarshen.

Na'ura ₦34,000. Gwaje-gwaje ₦11,500. Maganin wata ₦3,000. Napep ₦1,200.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Sakamakon gwaji ya fito, ƙoda lafiya, suga babu. Alhamdu lillahi.

Auta, mai shekara bakwai, wanda Inna ke kira maigidanta, ya naɗa kansa mai karanta lamba. Yau da safe na'ura ta nuna 168, sai ya ruga tsakar gida yana shela wai matarsa ta ci 168, ta fi Yaya maki nesa ba kusa ba. Inna ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce dama ita ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Sai da babbar 'yata ta zauna ta fahimtar da su cewa a wannan jarrabawar mai ƙaramin maki shi ne na ɗaya. Auta ya ce wannan cuta ce. Inna ta ce ai aikin kishiya ke nan, ba ta son ganin ci gaban uwargida.

Na lura da abu ɗaya: in ni na ɗauko na'urar sai Inna ta ɗaure fuska, in Auta ne ya ɗauko sai ta miƙa hannu tana dariya. Daga yau shi zai riƙa kawowa, ni na ɗaura.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Safe 164/98, dare 160/96. An sha magani a kan lokaci.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Na yi kuskure babba, kuma kwana biyar ina yinsa ban gane ba.

Tun ranar Talata nake raba tukunya. Miyar gida yadda muka saba, ta Inna a 'yar ƙaramar tukunya, ba dunƙule, gishiri ɗan yayyafi. A ganina kulawa ce. Kwana biyu na farko ta ci kaɗan. Jiya kwanon ya dawo yadda na kai shi. Yau da azahar na shiga ɗakinta na tarar ta ƙulle kayanta a zani. Na durƙusa na ce, "Inna, lafiya? Ko wani abu aka yi muku?" Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ɗiyar nan, ba abin da kika yi mini sai alheri. Amma ni tun da nake ban taɓa cin tuwon da aka ware mini kamar mai kuturta ba. Ƙamshin miyarku yana shigo mini, jikokina suna ci, ni ana kawo mini lami. Ku mai da ni ɗakina."

Jikina ya yi sanyi. Matar da ta shekara 50 tana tuƙa wa gida guda tuwo, ita ke rabawa, ita ke sanin wanda bai ƙoshi ba, na mai da ita baƙuwar da ake kai wa kwano daban. Ina ta lissafin giram, ban lissafa wannan ba.

Da dare muka yi magana da Baban yara. Na ce tukunya ɗaya za a koma, kowa ya ci abin da Inna za ta ci. Ya yi shiru, don shi mutum ne mai son miya ta ji, sannan ya ce a yi hakan. Mun tsara ba za a yanke gaba ɗaya ba, a riƙa ragewa sati-sati, tunda harshe yana sabawa da ƙarancin gishiri in aka bi shi a hankali. Da ina jefa dunƙule shida a miyar dare. Wannan satin huɗu, sati mai zuwa uku, daga nan biyu. Farin magi kuwa na fitar da shi daga kicin gaba ɗaya.

Ni na kwance ƙullin kayan da hannuna. Ba ta hana ni ba.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Na roƙi Inna ta koya mini miyar kuka irin ta da, kafin dunƙule ya shigo gari. Wannan roƙon ya yi abin da magani bai yi ba. Ta sa aka fito mata da kujera 'yar tsugunne bakin murhu, ta ce daddawar da nake saya ba daddawa ba ce, sai da aka aika kasuwa aka nemo mai ƙarfi, baƙa, wadda wari ke riga ta shiga gida. A daka ta da citta da masoro da kanumfari da tafarnuwa, a soya albasa har ta yi ja, a bar ruwan miya ya daɗe yana tafasa da busasshen kifi kafin a kaɗa kuka. Yara sun suɗe kwano. Na tsakiyan ya nemi ƙari.

Inda muka sha daga shi ne kanwa. Mutane da yawa suna rage gishiri su bar kanwa, alhali sinadarin sodiyam ɗin da ake gudu a gishiri yana cikinta ita ma. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Na gaya wa Inna haka, cikin ladabi. Ta ce ta haihu tara, kowanne ta sha kunun kanwa kwana 40, ga ta nan. Ban ja da ita ba. Na dai ce wancan jinin na ƙuruciya ne, wannan kuwa likita ya ce a lallaɓa shi. Mun daidaita: wake zan riƙa jiƙawa tun dare ya nuna ba kanwa, kunu a koma na tsamiya, ɗanwake kuma, tunda ba ta iya rabuwa da shi, sau ɗaya a sati biyu.

Safe 158/94.

Talata, 18 ga Nuwamba

An fara tafiya. Ana so babba ya samu minti 150 na motsa jiki a sati, wato rabin awa kwana biyar. Inna ta ce ba za ta fita titi tana yawo ba aiki ba kamar wadda ta ɓatar da akuya. Auta ne ya kawo dabara: a zagaya tsakar gida ana ƙirgawa da carbi. Bayan la'asar shi yana gaba riƙe da sanda wai shi ne ɗan rakiya, ita tana baya, kowane zagaye ta ja ƙwaya ɗaya. Yau sun yi 11 ta zauna. Burinsu 33.

Silifas ɗinta yana santsi a siminti, na saya mata takalmi mai kama ƙafa, ₦5,000.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Zagaye 20. Dunƙule uku. Safe 150/92, mafi ƙanƙanta tun zuwanta.

Babbar 'yata tana shara ta tsinci ƙullin gishiri a cikin gwangwanin goro, ƙarƙashin katifa. Ta ɗaga shi sama ta ce, "Uwargida, wannan fa?" Inna ko gezau, ta ce na maganin baki ne, saboda kishiyoyi irinta. Yarinyar ta ce to ai bakin ya warke, ta kai kicin. Aka yi ta dariya har ita Innar. Da ni na tsinta da ban san yadda zan yi ba. Wasan kaka da jika yana buɗe ƙofar da suruka ba ta isa ta ƙwanƙwasa ba.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Jinin ya koma sama. Litinin 162, jiya 170, yau da dare 178/104. Na sake aunawa sau uku, na canza hannu, na auna kaina don na tabbatar ba na'urar ba ce. Gabana ya faɗi. Na yi abin da aka koya mini na gane shanyewar ɓarin jiki: ta yi murmushi a ga ko baki ya karkace, ta ɗaga hannu biyu a ga ko ɗaya zai faɗi, ta yi magana a ji ko harshe ya yi nauyi. Duk lafiya. Ba ciwon ƙirji, ba dishi-dishin gani. An gaya mana in ya kai 180/120, ko ɗaya daga alamun nan ya bayyana, kada a jira safiya. Bai kai ba, amma a ɗakinta na kwana.

Na bi littafi layi-layi. Abinci bai canza ba, magani a gabana take sha. Ban ga dalili ba.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Dalilin ya fito. Da asuba na ga ta ɓare wata 'yar leda ta haɗiye ƙwayoyi uku da ruwan buta. Ashe tafiyar ta tayar mata da ciwon gwiwa, ta ji nauyin faɗa mini don kada a ce ta cika ƙorafi. Wata maƙwabciyarta ta Daura da ta zo dubiya ranar Asabar ita ta bar mata haɗin maganin ciwon jiki, irin wanda masu talla ke ƙullawa a leda ba suna ba kwali. Kwana biyar tana sha safe da dare.

Muka tafi asibiti da ledar. Likita ya zazzage a takarda, ya nuna mini ɗaya ya ce diclofenac ce. Ita da ibuprofen da danginsu suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau, kuma suna taɓa ƙoda da ciki, balle ga tsoho. Sauran biyun ma bai yarda da su ba. Ya ce a watsar. Ya rubuta paracetamol da man shafawa, ya ce a rage zagayen zuwa goma har gwiwar ta lafa, a riƙa gasa ta da tsumma mai ɗumi.

Matar da ta kawo don Allah ta kawo, ban ga laifinta ba. Haushina yana kan yadda ake sayar da irin waɗannan ƙwayoyi a faranti kamar gyaɗa, cikin rana, ga mutanen da ba sa iya karanta abin da ke jiki. Tsofaffi nawa ne a ƙauyukanmu ke shan wannan haɗin kullum bayan sun dawo gona?

A hanya na ce, "Inna, don Allah in wani wuri yana muku ciwo ku riƙa faɗa mini." Ta ce, "Kina da aji, kina da yara, kina da wancan." Na ce ina da ita ma.

Napep da magani ₦4,300.

Litinin, 1 ga Disamba

Ya sauko, 152/92. Ni ke gasa gwiwar bayan isha'i, tana ba ni labarin yadda suke ɗibar ruwa a Kusugu suna 'yan mata. Maganin wata ₦3,000.

Asabar, 6 ga Disamba

Ba a rabu da Bukar ba an haifi Habu. Ranar Alhamis Auta ya matsa sai an auna kowa a gida don a fitar da na ɗaya. Ni 118/76. Baban yara ya miƙa hannu yana wasa, na'ura ta ce 150/96. Ya ce gajiya ce. Jiya 148/94, yau da safe bayan ya huta 152/96. Shekararsa 46, bai taɓa jin komai ba. Litinin zai ga likita.

Inna tana zaune duk aka yi wannan, ba ta ce uffan ba. Da dare ya shigo da tsire, ya ɗauko robar yajinsa mai dunƙule. Sai muka ji murya daga ɗaki, ba da kowa take ba: "A gaya wa wancan, yajin nan ya fita gidan nan." Ya ajiye. Tun ina amarya ban taɓa jin ta sa baki a al'amarinsa kai tsaye haka ba.

Alhamis, 11 ga Disamba

Wata sabuwa. Tun farkon sati awon Inna yake ɗagawa kaɗan-kaɗan, yau 166/98. Na ƙirga ƙwayoyin da ke kati suka cika daidai, amma da na ɗaga tabarmar sallarta sai ga guda huɗu a jere. Tana sawa a baki a gabana, in na juya ta fitar.

Ban nuna na gani ba sai da yara suka tafi Islamiyya. Sannan ta janye zani ta nuna mini idon sawunta, duka biyun sun kumbura, in an danna yatsa sai wurin ya lotsa. Wata da ta zo barka a maƙwabta ta ce mata haka ciwon ƙoda ke farawa, kuma maganin Bature ne ke kawo shi. Tsoro ya kama ta ta ajiye, ba ta faɗa wa kowa ba. Kwana huɗu tana ɗauke da wannan fargabar ita kaɗai a cikin gidana.

Juma'a, 12 ga Disamba

An sake gwajin ƙoda, lafiya lau. Likita ya ce kumburin ƙafa sananne ne ga masu shan amlodipine, musamman mai lamba 10, kuma ba alamar ƙoda ta lalace ba ce. Abin da ke lalata ƙodar shi ne a bar jinin a sama. Ya mai da ita mai lamba 5, ya haɗa mata da wani magani na biyu, ya ce ta riƙa ɗora ƙafa a kan filo in ta zauna. Na roƙe shi ya maimaita bayanin da Hausa yana kallon ita, ba ni ba. Ya yi, ta yi masa tambaya har uku. Ina ganin da tun farko haka aka yi da ba a kai ga tabarma ba.

Shi ma Baban yara an ce ya kawo awon sati biyu kafin a yanke ko zai fara magani.

Gwaji ₦6,000. Sabbin magunguna ₦7,500.

Laraba, 17 ga Disamba

Kumburi ya ragu. 146/88. Zagaye 25. Dunƙule biyu, ba wanda ya yi ƙorafi.

Talata, 23 ga Disamba

Mun dawo daga Daura jiya, bikin jikarta ta wajen ɗiya. Kwana uku. Na tafi da na'ura da magani, amma tukunyar biki ba tawa ba ce. Shinkafa da miya, waina, dambun nama, lemon kwalba, kowa ya zo gaishe ta sai ya ajiye kwano. Ban hana ta ba. A gaban 'yan'uwanta da surukanta ba zan tsaya a kanta ina ƙirga loma ba, kuma ko yanzu aka sake haka zan yi. Abin da na tsare shi ne maganin safe, bai tsallake ko sau ɗaya ba.

Yau 158/94. Abin da ya faranta mini, a mota ta ce miyar bikin gishiri ya yi mata yawa, har ƙishirwa ta hana ta barci. Wata biyu da suka wuce da ta ce miyar ta yi daidai.

Mai ₦15,000.

Litinin, 29 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai, hazo har ba a hango ƙarshen layinmu da safe. Sanyi yana ɗan ɗaga jini, don haka na mai da awon safe zuwa bayan ta ji ɗumi, kuma ba a kan hannun rigar sanyi ba. Na'ura ta fara kashe kanta a tsakiyar awo, batir ne, ₦2,000. An mai da zagaye ƙarfe sha ɗaya na safe tunda ana hutu.

An sa wa Baban yara magani. Daren jiya na zo wucewa ta ƙofar Inna na ji tana tambayar Auta ƙasa-ƙasa, "Maigida, nawa ubanka ya ci yau?" Ya ce 140. Ta ce, "To, a ci gaba da faɗuwa."

Asabar, 3 ga Janairu, 2026

Awon kwana bakwai a jere bai wuce 138/86 ba. Jiya sun cika zagaye 33, Auta ya nemi ladan rakiya, ta ba shi naira ɗari ta ce sauran sai ya biya sadaki.

Abin da aka kashe a kan Inna daga farko zuwa yau ₦107,500, ban da cefane.

Ta fara maganar komawa Daura, tana son azumi ya same ta a ɗakinta, kuma azumin yana tsakiyar Fabrairu. Kafin nan akwai aiki. Ranar komawa asibiti zan tambayi likita ko za ta iya azumin, in za ta iya kuma yaushe za ta riƙa shan maganin, sahur ko buɗa-baki, don na biyun ban san yadda yake da ƙishirwa ba sai ya faɗa. Sai an sayi na'ura ta biyu, tunda wannan yanzu ta mutum biyu ce. Baban yara zai yi magana da ƙannensa a haɗa kuɗin. Ƙanwarsa za ta zo ta yi sati a nan ta koyi awo da rubutawa, ta kuma ga yadda ake miyar, don kada a koma can a raba mata tukunya. Batun ledar masu talla kuwa Inna ta ce a bar mata, ita za ta yi wa matan layinsu magana da kanta.

Safe 136/84. Wake yana jiƙe na gobe.